Bokitina ya dawo daga wajen Malam Iro

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin aji da safen nan wayata ta yi ƙara. Habibu ne daga Durba. "Malam, Baba ya rasu bayan sallar asuba."

Na tsaya da alli a hannu, na rasa inda na kwana a darasin.

Baban nasa shi ne Malam Iro masunci, mai kula da gurbin bayan garinsu, inda ruwa yake kwanciya idan rafi ya ƙafe da rani. Shi yake rufe gurbin, shi yake buɗewa. In ya ce ba a su, ko ƙugiya ba mai jefawa.

Ni kuma, kamar yadda yawancinku suka sani, ban da koyarwa ina kiwon tarwaɗa a tankin siminti a gidana a Rano. Ta nan muka saba. Yakan zo kasuwa da bandarsa, ya biyo ta wajena ya sha ruwa, ya leƙa tankin ya girgiza kai.

"Malamin kifi," haka yake kirana, "waɗannan naka ai kaji ne, sai dai sun iya iyo."

Bai taɓa zuwa hannu sake ba. Lokacin da mai ɗakina ta haihu, da kansa ya kawo kifi ragon ruwa guda, ya ce a yi mata farfesu da na gaske.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu, ban bari sai an yi addu'ar uku ba.

Tsofaffin mabiyana za su tuna wani bidiyo da na saka a shafin nan shekaru uku da suka wuce, ina juye tarwaɗa daga jarkoki cikin wani ruwa, na rubuta wai gudummawata ce ga al'umma. Kun zuba mini layik da addu'a. Gaskiyar magana, abincin kifi ne ya yi tsada na kasa ciyar da su, na nemi inda zan sauke nauyi, na kuma haɗa da neman suna. Ruwan nan gurbin Malam Iro ne, kuma ban nemi izininsa ba.

Ban yi tunanin komai ba. A ganina kifi ai kifi ne, na ƙara musu arziki.

Bayan sati biyu ya zo gidana. Ranar bai leƙa tanki ba. Ya ajiye tarwaɗa biyu a gabana ya ce in duba. Ɗaya baƙa ce, siririya, gashin bakinta dogo. Ɗayar ta yi fari-fari, ga ƙaton ciki, gashin bakin duk ya gutsuttsure da gogar siminti. Ya farke cikin ta biyun da wuƙa. 'Ya'yan kifin karfasa ne fal, wasu ko narkewa ba su yi ba.

"Naka ba su san ƙoshi ba," ya ce. "An saba musu da ci sau uku. Yanzu ba mai ba su, sai suka koma kan 'ya'yan mutane."

Na fara kame-kame. Ya katse ni.

"Da me kake kiransu in za ka ba su abinci?"

Na nuna masa tsohon bokitin ƙarfe da nake bubbugawa kafin in watsa musu. Ya ɗauka ya rataya a kekensa ya tafi.

Daga baya na je na gani da idona. Zai tsaya bakin gurbin da hantsi, ya buga bokitin sau uku. Kifin ruwa na jin ƙara sai ya nutse ya ɓuya. Nawa kuwa, wawaye, sai su taso baki buɗe suna jiran tuwo, shi kuma ya wurga musu raga. Haka ya riƙa tsince su, yau biyar, gobe biyu, wata rana ko ɗaya.

Kuma ya hana kamun kifi a gurbin har rani biyu, don ƙananan da suka tsira su samu su girma su hayayyafa.

Nan ne abin ya yi masa tsada. Mutane suka ce tsufa ya sa shi rowa. Wasu suka ce ya hana kowa ne don ya ci shi kaɗai, tunda kullum ana ganinsa da raga. Har a majalisa an yi, ina zaune a gefe da babur ɗina, ina ji. Da ya buɗe baki ya ce malamin Rano ne ya jawo, da an bar shi. Bai ce ba. Ni ma ban ce ba, wannan kuwa shi ne yake cin raina.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan, a bakin gurbin. Ya rame, tari ya dame shi. Na je ne da niyyar in ce ya yafe mini. Da na gan shi sai na ɓige da tsokana: "Baba, ba za a dawo mini da bokitina ba ne?"

Ya yi dariya har tarin ya taso. "Sai ya gama aiki, malamin kifi."

Na hau babur na tafi, ina ce wa kaina akwai wani zuwan.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Ina shirin tafiya Habibu ya ce in dakata, ya shiga gida ya fito da bokitin, an wanke shi tas an rufe da ganye.

"Shekaranjiya Baba ya ce in kawo maka, ban samu zuwa ba. Ya ce in gaya maka ya buga kwana bakwai a jere, ba wanda ya taso."

Na ɗaga ganyen. Bandar karfasa ce, manya-manya, kamun farko tun da ya rufe gurbin.

Wallahi a gaban mutane na zauna a ƙasa na yi kuka.

To, mutanen Durba da ke shafin nan, ku isar wa waɗanda ba sa nan. Malam Iro bai yi muku rowa ba, bai ci shi kaɗai ba. Ni na ɓata ruwan, shi ya gyara, shi kuma ya sha zagin. Na makara da faɗa, amma ga shi na faɗa.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Iro, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka shayar da shi daga ruwan Alkausara. Ka ba Habibu da 'yan'uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, kada ya danna layik. Na karɓi wanda ban cancanta ba a kan ruwan nan. Ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a, ni kuma ku roƙa mini Allah ya yafe mini.