Zare Mai Ƙulli Biyu

Mama ce ke buga takardu a ofishin makarantarmu. Idan an tashi, nakan zauna a bencin bayan ƙofa har ta gama, mu hau keke mai ƙafa uku tare zuwa Ƙetaren Gwari. Ba na magana da kowa a wurin. Kallo nake yi.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na fara jin wani sabon sauti a teburinta: ƙas, ƙas. Ƙafafun tabarau ne. Ta saka ta duba takarda, ta cire ta dubi kwamfuta, ta sake sakawa. Wani lokacin ta bar shi a fuska, ta miƙa wuya har hancinta ya kusa taɓa kwamfutar. In mun koma gida, ni ke shafa mata man zafi a wuya.

A kasuwa ta sayi tabaran, kuma yadda kowa ke gwadawa ta gwada. Mai sayarwa ya ba ta allura da zare, ya ce wanda ta iya zura zaren da shi, shi ne nata. Ta zura tashi ɗaya, ta ce idonta ya dawo. Ni kuwa na ga inda ta riƙe allurar, dab da hancinta. Kwamfutar ofis ta ninka wannan nisa.

Sau biyu shugaban makaranta ya dawo mata da jerin sunaye cike da jan biro. A na biyun ya manta ina wurin, ya ce idan aka sami kuskure a sunayen ɗalibai masu fita, zai mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai ya kawo wata. Tun kafin a yaye ni take kan wannan kujera.

Abokiyar aikinta, 'yar Kudancin Kaduna da muke kira Anti, ita ta matsa mata ta je wurin likitan ido.

"Yaya, tsufa ya zo, ki ba shi kujera kawai."

"Fara ba shi taki," in ji Mama, "kin girme ni da wata uku."

Tsorona shi ne likitan ma ya gwada ta da allura da zare. Ana gobe za mu tafi, na ciro zare daga jakata a ofis, na roƙe ta ta jingina da kujera, ta zauna yadda take zama a da. Na ja zaren daga gefen idonta zuwa takarda na ƙulla, na ja zuwa kwamfuta na sake ƙullawa. Anti ta tambaya ko riga zan ɗinka wa kwamfutar.

Likitan ya gwada ta da haruffan bango, ya ba ta kati ta karanta. Da ya ji aikinta, ya tambayi nisan kwamfutar daga fuskarta. Mama ta ɗaga tafin hannu dab da hancinta ta ce nan kusa ne. Ta saba da miƙa wuya har ta ɗauka a nan kwamfutar take. Ya ɗauki biro zai rubuta.

"Ba haka ba ne, Likita," na ce. Na tabbata da abin da ke hannuna. Na miƙa masa zaren.

Ya shimfiɗa shi a kan tebur ya auna ƙulli biyun, ya soke abin da ya fara rubutawa. Ya ce akwai gilashin da ake yi don aikin tebur: samansa na kwamfuta, ƙasansa na takarda, ba layi a tsakani. Amma ya ja mata kunne kada ta tsallaka titi da shi, don nesa zai yi mata dishi-dishi.

Ranar da ta buga sunayen masu fita da sabon tabaran a fuskarta, ina kan bencina ina saurare. Babu ƙas ko ɗaya, sai ƙarar maɓallai. Bayanta na jingine da kujera, idonta kawai ke hawa da sauka. Washegari takardar ta dawo da sa hannun shugaban makaranta, ba jan biro ko ɗigo.

Mama ta ɗago kai tana nemana a bakin ƙofa, ta ɗan runtse ido. Sai ta cire tabaran ta gan ni sosai, ta ce in ɗauko jakata mu tafi.