Kurakuran da Sanusi ya bar mini

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Sanusi makwancinsa, kuma bari in faɗi gaskiya tun daga farko: na yi ƙyashinsa yana raye, ban kuma daina ba.

Tare muka taso a Unguwar Kanawa, tare muka shiga aiki a ɗakin haɗa waƙa na wani Alhaji a Unguwar Rimi. Shi Allah Ya ba shi hannu. In ya zauna gaban fiyano, mawaƙi na buɗe baki ya riga ya kama masa kiɗan. Ni kuwa yatsuna kamar rogo, na yi shekara biyu ina koyo ban iya komai ba. Sai aka ajiye ni gaban kwamfuta. Duk abin da ya buga yakan fito mini a allo kamar ƙananan tubala a jere. Wanda ya kauce in ja shi layinsa, wanda yatsa ya taɓo bisa kuskure in goge.

Da farko ba ni da abin gogewa, zaman banza nake yi. Daga baya sai hannun nasa ya fara zamewa. Kowace waƙa sai na tsinto kuskure huɗu ko biyar. Wayyo daɗi! In an kunna waƙar a gidan biki a Rigasa, mata na guɗa, ana ta kiran sunansa, sai in ce a raina, ku dai yi ta yi, ni na san wanda ya rufa masa asiri. Har gori nake yi masa. In ce, “Malam gwani, yau ma na share maka gida.” Sai ya yi dariya ya ce, “Allah Ya bar mana kai, Habibu.”

Yanzu zamani ya juya. Akwai manhajar da za ka zaɓa mata muryar waƙa, duk maɓallin da ka danna ba daidai ba, sai ta mayar da shi hanya da kanta. Irina ma mun zama makaɗa. Da Sanusi zai ga haka, ba na jin zai yi fushi. Zai saurara, ya karkata kai, ya ce kiɗan ya fito tas amma bai ji mutum a ciki ba. Ni dai na ji daɗin zuwanta, na ce to, yau ina ranar hannun gwani?

Watan jiya na je gaishe da Alhaji, tsufa ya kwantar da shi. Muna hira na sake kawo maganar yadda nake gyara wa marigayi kiɗa. Ya dube ni ya ce, “Kai Habibu, har yanzu ba ka gane ba? Ai na ce masa zan sallame ka, tunda kiɗansa ba ya buƙatar gyara. Washegari ya fara kuskure. Shi a zatonsa ban lura ba.”

Na koma gida na buɗe tsofaffin ayyukanmu, na asali yadda ya buga su kafin in gyara. Ga su nan kuwa. Kowane kuskure ya yi nesa da layi, tsirara, a inda ko makaho zai gan shi. A wurare masu wuya, inda yatsu ke gudu, babu ko ɗaya. Shekara shida mutumin nan yana ɓata kiɗansa da gangan, yana haɗiye gorina, don kada in koma gida in ce wa matata an kore ni.

Waƙoƙinsa an daina sa su a biki, masu tasowa ba su san sunansa ba. Abin da ya rage nasa shi ne ni, da sana'ar da nake ci da iyalina har yau.

Allah Ya jiƙanka, Sanusi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka fi ni hannu, wannan na daɗe da haƙura. Ashe zuciya ma ka fi ni, kuma wallahi wannan ya fi yi mini ciwo.