Reshen Lemo a Kafaɗar Dogari

Shekarar da aka sake jefa ƙuri'ar raba-gardama ina koyarwa a Mubi, na aro kyamarar hedimasta, baƙin akwati mai cin hoto takwas. Kawuna ne ya sa ni. Shi ke kula da lambun tsohuwar fada tun ban san kaina ba: lemo sahu-sahu kamar ɗalibai a fareti, furanni a da'ira, hanyoyin tsakuwa da ake sharewa kullum. An ce za a sare lambun a gina ofis, shi kuma zai koma Michika. Hoto ɗaya yake so, shi da itatuwansa.

Na tuɓe takalma a zauren fada, na durƙusa gaban mai martaba, na faɗi buƙatata. Takardar kyamarar ta yi bayanin haske da nisa, amma ba ta ce a fada ba a ɗaukar na ƙasa kafin na sama ba.

Mai martaba ya ci biyu, don a na farko an manta da sanda. Waziri ɗaya. Alƙali ya yi mini wa'azi a kan hoto, sannan ya gyara rawani. Galadima, magatakarda, ma'aji. Bakwai ke nan. Ta ƙofar baya ina hango Kawu tsaye cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ya ƙi zama don kada ta yi datti.

Sai ga Sarkin Dogarai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura ɗaya, kuma na mai lambu ne."

Ya ce, "Malam, a makarantarku ɗan aji ɗaya yana shiga gaban hedimasta?"

Duk karatuna, dabarar da ta zo mini ɗaya ce: na ce haske ya fi kyau a bakin lambu. Na tsayar da shi can, na karkata akwatin iya karkatawa ko Kawu zai shiga. Bai taimaka ba, mutumin faɗi gare shi.

Kafin hotunan su dawo daga wanki a Yola an sare lemon. A na takwas, dogari ya cika ko'ina, sai reshe ɗaya bisa kafaɗarsa. Na kai wa Kawu ina jin kamar in nutse.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan na layi na uku ne. Bai cika zaƙi ba."

Ya nemi almakashi, ya yanke reshen ya sa a aljihu, ya miƙo mini dogarin.