Daminar da Ƙanwata Ke Auna Rana

Daminar da jami'a ta shiga yajin aiki, ƙanwata ta dawo gida Maska da kwamfutarta. Digiri na biyu take yi, a kan rana. Ni kuwa na shuka masara, ruwa ya ɗauke, kullum idona na gabas. Na kasa zama wuri ɗaya. In je gona, in dawo, in sake komawa, kamar dubawar za ta hana ganye nannaɗewa.

Sabis ɗin garinmu ba ya iya sauke mata hotunan da take buƙata, don haka nakan ɗauke ta a babur zuwa Funtua. Mu zauna a shagon wata Bayarabiya mai kayan waya, haifaffiyar garin, ita tana jiran hotuna, ni ina leƙa sama.

Wata rana na gaji na ce, "Wai me kike kallo haka?"

Ta juyo min da kwamfutar. A hoton, a gefen rana, wani zaren haske ne ya lanƙwashe kamar baka, ƙafafunsa biyu a kafe. Can kusa da shi wani abu ya fashe, sai zaren ya kama kaɗawa, dama da hagu, har ya lafa.

"Yaya, ba mai iya zuwa can ya auna komai," in ji ta. "Amma ka san igiyar shanya. In an ɗaure ta tamau aka taɓa, rawarta daban da ta sakakkiya. Daga saurin kaɗawar nan muke lissafa ƙarfin maganaɗisun da ke riƙe da iskar wurin. Ni abin da nake bi, me ya sa yake lafawa da wuri."

"To zai gaya miki yaushe za a yi ruwa?"

"A'a."

Haushi ya kama ni. Na fita na zaga har bakin kasuwa, na tambayi wasu mutanen Mahuta ko sun samu ruwa. Su ma shiru. Da na dawo na tarar sabis ya katse ana tsakiyar saukewa, ta dafe kai. Ashe ita ma hankalinta ba a kwance yake ba. Malaminta ba ya ɗaga waya, shekara kuma tana tafiya.

Masarar ta ƙone. Da ruwa ya dawo, na shuka wake a gurbinta. Muna cikin noma aka janye yajin aiki, ta tattara rabin hotunan da ta samu, na kai ta tasha. Ban tsaya motar ta cika ba, na juya gona.