Notin Keken Baba

Duk lokacin da na ji warin baƙin mai a hannun mutum, sai in tuna da rumfar Kawu a Kalgo. Wan mahaifiyata ne. Ya koyi gyara a aikin soja, ya dawo da sufana uku a cikin jakar fata, yana gyaran kekuna.

Ni kuwa, ka sani, da fargaba aka haife ni. Ina aji uku a elemantare, in na rufe ƙofar akurki sai na koma sau biyu na duba.

Da kakar wata shekara, ana cikin yankan gero, Inna ta haihu a gidan iyayenta a Gwandu. Baba zai tafi suna a kan kekensa, tafiyar yini guda. Kawu ya duba keken ya ce lafiya lau. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Sai in riƙa ganin ƙafar gaba ta fice a cikin yashi, Baba ya kifa, ba kowa kusa. Kwana uku a jere ina ɗauko sufanar Kawu a ɓoye, ina ƙara ɗaure notin ƙafar gaban. Ranar tafiya da safe na taka sufanar da ƙafa. Notin ya yi laushi, ya kama juyawa ba tsayawa. Haƙoransa sun cinye.

Gobe suna. Irin wannan notin kuwa sai Sakkwato.

Na je na faɗa wa Kawu. Ya juya notin a tafinsa, ya daɗe yana dubana.

"Mi ya kai ka?"

"Tsoro nika ji kar Baba ya faɗi."

"To, kusa da faɗuwa ka kai shi, ɗan nan," in ji shi. Bai ɗaga murya ba.

Ya kwanto noti daga nasa keken, ya sa a na Baba, ya miƙo mini sufana. Na ja da baya. Ya kamo hannuna ya ɗora yatsuna biyu kawai a kan wutsiyarta.

"Ja a hankali. In ƙarfe ya ce maka ya isa, ka ji maganarshi."

Na ja. Can sai na ji ta tsaya, tana turo yatsuna. Raina na cewa ƙara kaɗan. Kawu ya zare sufanar ya jefa a jaka.

Baba ya isa Gwandu kafin magariba, da shi aka raɗa wa ƙanwata suna. Kawu kuwa da ƙafa ya riƙa zuwa ƙauyuka gyara har aka gama sussuka, kafin wani direban lori ya kawo masa noti. Bai taɓa gaya wa Baba dalili ba.

Yanzu an ce akwai sufana mai yin ƙara da kanta in ɗauri ya kai. Ban taɓa riƙe ta ba. Ni dai in ɗana zai hau babur zuwa Gwandu, sai na zagaya shi sau biyu ina leƙen ƙafafun. Amma hannuwana suna cikin aljihu.