Kanwa a Ƙoƙon Kaka

A gidan kakata da ke Gashuwa ba a fara tatsuniya sai ta wanke hancinta. Duk ɗokin da muke yi, dole mu jira. Tana idar da sallar magariba za ta zauna a bakin wutar kara da ake hurawa a tsakar gida saboda sanyi, a miƙa mata ƙoƙon ruwan gishiri mai ɗumi. Ta zuba a tafin hannu, ta toshe kafar hanci ɗaya, ta shaƙa da ɗayar, sannan ta sunkuya ta fyace a wani tsohon kasko mai toka. Sau uku dama, sau uku hagu. Mu jikoki muna gefe muna danne dariya, don ƙarar da take yi ko akuyar gidan sai ta waiwayo.

Ni a Nguru na tashi, wurin babana da ke aiki a tashar jirgin ƙasa, tun ana kashe sule da sisi. Hutun makaranta ne kawai ake ɗora ni a babbar mota in je wurin Kaka, in sauka jikina duk ya yi tsami saboda girgizar hanya. A shekarar da nake ba da labari ina da shekara goma, da rawar kai irin ta wadda ta fara iya karatu.

Bandar kifi ita ce sana'ar Kaka. Idan ruwan kogi ya fara janyewa, masunta su yi ta kawo tarwaɗa da karfasa, ita kuma ta wuni a kan murhu cikin hayaƙi. Hayaƙin nan ne yake toshe mata hanci da yamma har muryarta ta shaƙe, shi ya sa take wankewa. Kuma hancin nan ba na wasa ba ne. Da shi take gane kifin da ya gasu har ciki da wanda bayansa kawai ya yi kyau. Takan wuce ta gefen kwando ta ce a fitar da na ƙasa, ɗaya ya fara juyawa, a tona kuwa a same shi. Fataken da ke kai kifi Nguru a loda a jirgi ba sa buɗe kwandonta, sunanta ya ishe su.

A hutun nan ta ɗora mini haɗa ruwan. Aikin yana da ƙa'ida. Sai na fasa ɗan guntun manda, wato gishirin nan mai duhu da ake kawowa daga arewa, in daka, in zuba daidai abin da yatsu uku za su ɗauka a ruwan da aka tafasa, in tace da tsumma mai tsabta, in bari ya huce har ƙaramin yatsana ya iya zama a ciki. Kullum idan na miƙa mata sai ta ce, “Wushe, 'yar Nguru, Allah ya yi miki albarka.” Wushe ɗin nan sannu ce da Barbarci, kuma a duk jikokin ni kaɗai nake samun ta kowace rana. Har kumbura nake yi.

Ran nan na shagala da carafke a gidan maƙwabta, ban farga ba sai da na ji kiran salla. Na rugo gida, manda ba a fasa ba, ga turmi an jiƙa shi. A gefen murhu kuwa ga gwangwanin dakakkiyar kanwa, ungurnu, wadda matar kawuna Inna Zara take sa wa miyar kuka da wake. Mu a can kanwa magani ce. Ciki ya ɓaci a jiƙa kanwa, dabba ta rame a ba ta kanwa. Na ce a raina ai duk 'yan gida ɗaya ne ita da gishiri. Ban ma tsaya ga yatsu uku ba, na dumbuza da hannu na watsa a ruwan zafi, na sirka da na randa, na motsa da yatsa. Cikin duhun magariba wa zai bambance?

Shaƙar farko Kaka ta daskare. Idanunta suka kawo ruwa, ta yi ta tari tana fyacewa, can sai ga haɓo yana ɗiga a kan zaninta. Inna Zara ta taso da salati tana tambayar me ya faru. Ni ina tsaye a gefe ina kallo. Kaka ta ɗaga hannu ta ce ba komai, hayaƙin yau ne ya yi mata yawa, sannan ta kife ƙoƙon a cikin toka kafin kowa ya taɓa shi. Ranar ba a yi tatsuniya ba.

Kumburin da hancinta ya yi ya sauka bayan kwana huɗu ko biyar, amma jin ƙamshi da wari bai dawo ba. Na gan ta da idona tana ɗaukar kifi ta kai hanci, ta daɗe, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ba ta gaya wa kowa ba. Cikin makon nan kwando biyu suka tafi Nguru da sunanta, aka buɗe a kasuwa aka tarar kifin da ke tsakiya ya lalace. Falken da ya kai su bai yi faɗa ba, ya dai aiko da saƙo cikin ladabi cewa daga yanzu zai riƙa dubawa. Kawuna ya shiga ɗakinta ya ce, “Inna, shekaru sun ja, ki huta haka nan, Zara ta karɓi murhun.” Ta ce to, tsufa ne, ba a jayayya da shi. Ina bakin ƙofa ina ji. Kalma biyu za su wanke ta daga wannan tsufan da aka liƙa mata, na haɗiye su saboda tsoron bulalar kawu da kunyar a daina ce mini wushe.

Da ta koma wanke hancin, ni ta sake miƙa wa ƙoƙon. Na haɗa shi kamar mai haɗa wa jariri magani, ta karɓa ta sa mini albarka yadda ta saba. A daren ne ta ba mu tatsuniyar agwagwa. Ita ba ta buɗewa irin ta kowa, cewa take yi, “Na buɗe tulu, wa ke jin ƙishirwa?” mu amsa da cewa mu ne.

Wai wata tsohuwa makauniya ce a bakin kogi, ba ta da kowa sai agwagwarta. A wancan zamanin agwagwa ta fi shirwa tashi sama. Kullum takan tashi ta je tsakiyar kogi ta ɗebo wa tsohuwa ruwa mai sanyi, tsohuwa ta sha ta gode mata. Wata rana ƙiwa ta kama agwagwa, ta tsaya a gaɓa inda shanu suka dama, ta ɗebo. Tsohuwa ta sha, ta gode. Cikinta ya yi ciwo, amma washegari ma ta gode. To, ashe godiyar da ba ka cancanta ba nauyi gare ta. Kowace godiya sai ta zauna wa agwagwa a ƙirji kamar dutse. Tun tana tashi sama-sama, har ta koma tsallake katanga da ƙyar, har ta zama sai tafiya tana rangaji, kuma haka jikokinta suke har yau.

Aisa, 'yar Inna Zara, ta tambaya me ya hana agwagwar ta faɗi gaskiya ta huta. Kaka tana tura kara cikin wuta, ba ta dubi kowa ba, ta ce, “Ita ma tsohuwar abin da take jira ke nan, 'yar nan. Ba dukanta za ta yi ba.” Na ji kamar wutar a fuskata kaɗai take ci. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa barci nake ji.

Hutu ya ƙare na koma Nguru. Kaka ta ƙara shekara uku a duniya, na je mata hutu har sau biyar, kowane zuwa da niyyar faɗa, kowace dawowa da abina a ciki. Jin wari ya ɗan dawo mata daga baya, amma murhun bai dawo hannunta ba. Takan zauna daga nesa tana kallon Inna Zara tana juya kifi, hannayenta a kan gwiwa.

Shekaru da yawa ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin arashi ne kawai ya faɗo a kaina, ina lallashin raina da cewa aƙalla Kaka ta rasu ba ta san jikar da ta fi so ce ta cuce ta ba. Sai da na haura hamsin, toshewar hanci ta matsa mini, wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mini wankewa da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, ta gargaɗe ni kada in ƙara komai a ciki. Na dawo gida na haɗa, na sunkuya na shaƙa. Ruwan ya bi ta bayan hanci ya sauko mini a maƙogwaro, na ji ɗanɗanon gishirin sarai a harshena. Nan na zauna a ƙasa riƙe da kofin. Ban taɓa sanin ruwan yana kaiwa baki ba. Matar da ta yi shekara hamsin tana girki ba za ta kasa bambance kanwa da manda a harshenta ba.

Ke nan tun shaƙar farko ta sani. Ta gwammace a ce ta tsufa, a karɓe mata sana'a, da a ce jikarta ta sha duka a gidan da ta zo hutu. Abu ɗaya ta nema a wurina, in faɗa da bakina, ta kuma share mini hanya a gaban wutar nan yadda ba zan ji kunya ba. Ta jira ni shekara uku, ni kuwa na ce mata barci nake ji.