Neman Alhaji Nebadales a Ƙauyen Bagwai

Daga Rijiyar Zaki

Ana idar da sallar asuba na fito bakin titi. Tun da Babanmu ya tashi daga jinya ya daina fita ko zaure, abinci ma sai an yi ta lallashi. Maganarsa ɗaya ce, Sani abokinsa na firamare, wanda rabonsu da juna tun kafin a haife ni. Na yi niyyar ba zan dawo ba sai da mutumin nan. Abin da na riƙe kawai shi ne sunansa, Sani Musa, da sunan ƙauyensu a ƙasar Bagwai.

Tofa

Bas ɗin da na samu ta tsufa ƙwarai, da igiya ake ɗaure ƙofarta. A shingen 'yan sanda direba ya ɗaga hannu ya ce, "Ofisa, an tashi lafiya?" aka buɗe mana. A Tofa na sha koko da ƙosai mai zafi, sannan na hau ɗan acaɓa. Damina ta yi kyau, gero ya fi ni tsayi hagu da dama, gida na bin gida har ba ka sanin inda wani gari ya ƙare.

Ƙauyen su Sani

Da hantsi na sauka gindin wata darbejiya inda dattawa ke zaune. Na gaishe su, na ce Malam Sani Musa nake nema.

Wani mai farin gemu ya ce, "Ɗana, garin nan rabinmu Sani ne, sauran kuma Musa. Me Hedimasta ya sa masa?"

Ganin na yi sororo, sai ya yi mini bayani. Wai hedimastan da ya buɗe makarantarsu ya gaji da kiran Sani yara su miƙe da yawa, sai ya riƙa buɗe littafin Turanci yana raba wa kowa kalma. Sunayen suka bi su har tsufa.

"Ni ne Kalifulawa," in ji shi, ko murmushi babu. "Wannan Malam Hifofotamus ne, ladaninmu. Wancan gidan mai ƙofar ƙarfe na marigayi Bataflai ne, Allah ya jiƙansa."

Na ce amin ina danne dariya har cikina ya ƙulle. Amma raina ya ɗan ɓaci, don ban san kalmar mutumina ba. Dole na kira Baba a waya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ka ce musu Nebadales."

Ina faɗa wurin ya kaure. "Alhaji Nebadales! Ai sai ka ce haka tun farko!" Kalifulawa da kansa ya raka ni gona. Muka tarar da wani siririn tsoho yana ciyawa a cikin gyaɗa. Da ya ji ko ɗan wa ne ni, ya jefar da fartanya ya rungume ni. Muka wuce gidansa, matarsa ta dama mana fura, shi kuwa ko zama bai yi ba, babbar riga kawai ya zura.

Komawa gida

Mota ɗaya muka samu daga Bagwai, mu da buhunan albasa. Bayan la'asar muka iso. Ina shirin shiga in yi masa iso, sai tsohon nan ya tsaya a zaure ya buɗe murya: "Ina Kangaru? Fito, na zo!"

Ƙannena suka kalli juna. Sai ga Baba, mutumin da ba a wasa a gabansa, ya fito ba hula ba sanda, yana dariya hawaye na zuba. Ashe shi ma bai tsira daga littafin Hedimasta ba. A tabarma ɗaya suka ci tuwo, har Baba ya ce a ƙaro miya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa dattawan gindin darbejiya. Allah ya jiƙan Hedimasta.